Gonar da Teku Take Rufewa Kowace Rana

Wanda ya tashi a bakin kogi ya san ruwa yakan cika da damina, ya janye da rani. To, akwai inda ruwa yake yin haka sau biyu kowace rana. Ni da maiɗakina mun gani da idonmu a tsibirin Zanzibar.

Zanzibar tana cikin Tekun Indiya, a gabashin Afirka. A shekarar 1964 ta haɗu da Tanganyika, suka zama ƙasa ɗaya, wato Tanzaniya. Daga Dar es Salaam jirgin ruwa ya kai mu cikin wajen awa biyu. Muka kwana a birni. Kashegari muka shiga mota zuwa Jambiani, wani ƙauye a gabashin tsibirin.

Kai, wurin da kyau yake! Rairayi fari fat, da laushi kamar gari. Itatuwan kwakwa sun jeru iyakar ganin ido. Ruwan kuwa garau, har mutum yana hangen ƙasa ta cikinsa.

Da hantsi sai ruwan ya fara ja da baya. Ya yi ta tafiya har ya bar kwalekwalen masunta zaune a kan yashi. Wata ne yake jan ruwan teku. Yakan yi wajen awa shida yana janyewa, ya yi wajen shida yana komowa.

Sa'an nan sai ga mata sun fito da buhuna da igiyoyi. Ashe inda muka ga teku da sassafe, gonakinsu ne. Suna noman wata ciyawar teku wadda ake kira mwani da Swahili. Sukan kafa turaku, su ja igiya tsakani, su ɗaura 'yan rassa a jiki. Bayan mako shida sai su girbe, su shanya, su sayar. A ƙasashen waje ana sa ta cikin abinci da man goge haƙora. Tun 1989 ake wannan noma a tsibirin, yawancin manoman kuwa mata ne. Amma ruwan bakin gaɓa yana ƙara zafi, ciyawar tana ruɓewa. Inda ya fi sanyi akwai zurfi, da yawa cikinsu kuwa ba su iya iyo ba.

Mu dai kallo ya ɗauke mana hankali. Muka wuce gonakin, muna tsintar katantanwa, ba mu waiwaya ba. Can sai muka ji kira. Wata tsohuwa ce da buhu a kā, tana yafato mu da hannu. Ba mu ji harshenta ba, amma ta nuna mana bayanmu. Muka duba, sai ga ruwa ya riga ya cika wani kwari tsakaninmu da tudu.

Maiɗakina ta kama hannuna ta ce, "Maigida, ka iya iyo?"

Na ce, "Ina fa!"

Tsohuwar nan ta dawo da baya da kayanta, ta shige gaba. Ta bi da mu ta inda babu zurfi, tana nuna mana wasu abubuwa baƙaƙe masu ƙaya kamar bushiya, kada mu taka. Kafin mu fita ruwa ya kai mana gwiwa. Na miƙa mata kuɗi, ta girgiza kai, ta yi dariya, ta kama hanyarta.

Ya mai karatu, in ka sami zuwa, ka tambayi lokacin komowar ruwa kafin ka yi nisa. Ka sa takalmi. In za ka shiga ƙauye ka yi shiga ta mutunci, gama yawancin mutanen Musulmi ne. Kada kuma ka taka igiyoyin nan. Inda ka je shan iska, daga nan wata take ciyar da 'ya'yanta.