Sirrin da ke cikin ƙanƙara

Daga ofisoshin Bonanjo har unguwarmu ta Hausawa a New Bell, babu wanda zafin Duwala bai koya wa darajar ƙanƙara ba, balle da azumi. Amma labarin cikinta sai da Faransanci 'ya'yanmu ke ji, in ma sun ji. Mu malamai muna ganin Hausa ba ta gaza ɗaukarsa ba. To ga shi.

Kowace ƙwayar ruwa oksijin ɗaya ce da haidirojin biyu. In ruwa ya daskare, oksijin sukan jeru tsaf, kowace da maƙwabta huɗu. Tsakanin kowaɗanne maƙwabta biyu akwai haidirojin ɗaya tak, ba ta kuwa zama a tsakiya, sai ta karkata gefe guda. Ƙa'ida ita ce kowace oksijin ta samu biyu kusa da ita, biyu nesa, kamar yadda Bernal da Fowler suka bayyana a 1933.

Amma waɗanne biyun? Nan ƙa'ida ta yi shiru. Kowace ƙwaya tana da hanya shida ta zama, muddin ta dace da maƙwabtanta. Wato zanen nan na littattafan makaranta, mai jere kamar sojoji, rabin labari ne.

A 1935 Linus Pauling na Amurka ya lissafa girman wannan hargitsi, a 1936 awon Giauque da Stout ya dace da lissafinsa. Tsananin sanyi ma ba ya gyara shi, sai dai ya kafe kowace haidirojin inda ya same ta. Sai a 1982 masu bincike a Japan suka sanya ɗan sinadari a ƙanƙara, haidirojin suka fara jeruwa a digiri 201 ƙasa da sifili.