Kama Da Wane Ba Ta Wane: Shin Har Yanzu Hoto Shaida Ne?

 A yau ina so ne mu ɗan tattauna a kan wani abu da kowannenmu yake yawo da shi a aljihu, wato hoto. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma mu da muke zaune a Kurmi mun fi kowa sanin amfanin wannan magana, domin tun zamanin kakanninmu hoto shi ne wasiƙar da ba ta bukatar mai karantawa. Mutum ya yi shekara biyar a Badun ko Ikko ko Fatakwal bai je gida ba, sai ya sa babbar rigarsa ya je wurin mai hoto, ya ba direban motar goro katin ya kai wa mahaifiyarsa, ita kuma da ta duba sai hankalinta ya kwanta, ta san ɗanta yana raye kuma bai rame ba. To tambayar da take damuna ita ce, yanzu da na'ura take iya ƙera fuskar mutumin da ba a taɓa haihuwa ba, me za mu ci gaba da kira hoto?

Bari mu fara daga tushe. A shekarar 1839 ne aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a birnin Faris na ƙasar Faransa, kuma daga lokacin har zuwa zamanin fim ɗin nan mai cin hoto 36 da iyayenmu suka sani, sirrin abin ɗaya ne: haske ya sauka a jikin mutum, ya dawo ya shiga idon kyamara, ya bar tabo a jikin fim. Wannan tabon shi ne dodon hoto, daga shi ake wanke kati. Ke nan idan ka ga hoto ka tabbata akwai ranar da wannan mutum ya tsaya a gaban kyamara. Misali, akwai hoton Oba Ovonramwen na Benin wanda Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, ya ɗauka a 1897 a cikin jirgin ruwa bayan Turawan Ingila sun ci birninsa. Sarkin ya mutu, mai hoton ya mutu, amma har gobe wanda ya kalli katin ya san an yi wannan zama.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa a da ba a taɓa hoto. Ana taɓawa sosai. Maƙwabtanmu Yarabawa ma suna da wata al'ada da wani Ba'amurke mai suna Stephen Sprague ya yi nazari a kanta a garin Ila Orangun cikin shekarun 1970. Idan ɗaya daga cikin tagwaye ya rasu, sai a kai mai ran wurin mai hoto, a wanke surarsa sau biyu a kati ɗaya, ya zama kamar su biyun ne suke zaune tare. Haka nan masu ɗakin hoto suna rataya labule mai zanen bene ko jirgin sama, talaka ya tsaya a gaba ya dafa rediyon aro. A can Amurka kuwa, mujallar National Geographic ta matso da dalar Masar kusa da 'yar uwarta a bangonta na watan Fabrairun 1982 don su shiga shafi, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Daga baya manhajar Photoshop ta fito a 1990, gyara ya zama ruwan dare. Amma duk da haka akwai bambanci. Uwar tagwaye ta san abin da aka yi, wanda aka aika wa hoton bene ya san labule ne, kuma a ƙarƙashin kowane gyara akwai dodo na asali da za a koma gare shi idan gardama ta tashi.

Abin da ya fara kawar da dodon nan shi ne kyamarar da ba ta cin fim. Wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ne ya haɗa ta farko a 1975, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya baƙi da fari a cikin kaset. Abin mamaki, wannan fasaha da aka haifa a gidansu ita ce ta karya kasuwar fim, har kamfanin ya shigar da takardar karayar arziki a watan Janairun 2012. Mu nan Najeriya wayar salula ta shigo a 2001, kafin a ankara ta zo da kyamara a bayanta. Ina yaro na tarar da ƙarshen zamanin masu hoton da suke zagaya Sabo ranar Sallah da kyamara a wuya, a ɗauke ka yau, ka yi kwanaki kana jiran katinka. Yanzu yawancinsu sun canza sana'a, waɗanda suka rage kuma fasfo da biki ne suke riƙe da su.

Wani abu da da yawanmu ba mu lura da shi ba shi ne, wayar da ke hannunka ba hoto ɗaya take ɗauka ba idan ka latsa. Tana ɗaukar da yawa a jere cikin ƙiftawar ido, sai kwamfutar da ke cikinta ta tsinci haske daga wannan, ta tsinci kaifi daga wancan, ta haɗa, ta goge ƙurajen fuska, ta ƙara wa fata haske, sannan ta miƙo maka. Shi ya sa za ka ga yarinya ta fi kanta fari a waya. A watan Maris na 2023 wani mutum ya gwada wayar Samsung: ya dusashe hoton wata da gangan har ba a ganin komai a jikinsa, ya sa shi a fuskar kwamfuta, ya koma nesa ya ɗauka. Sai ga wata ya fito tas da ramukansa. Wato wayar ta gane cewa wata ne, sai ta cike abin da idonta bai gani ba da abin da aka koya mata.

Daga nan sai ƙirƙirarriyar basira ta zo ta ce ma ba ta bukatar kyamarar. Yadda abin yake, an nuna wa na'ura miliyoyin hotuna tare da bayanin abin da ke cikinsu, har ta haddace yadda ido da hanci da inuwa suke zama. Idan ka rubuta mata abin da kake so, sai ta fara daga ɗigo-ɗigo irin na talabijin ɗin da ba ta kama tasha ba, ta yi ta sharewa kaɗan-kaɗan har sura ta bayyana. Babu haske, babu rana, babu wanda ya tsaya. A watan Afrilun 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci wani rukuni na gasar hoto ta duniya ta Sony da surar wasu mata biyu da na'ura ta ƙera, sai ya ƙi karɓar kyautar, ya ce abin da ya kawo ba hoto ba ne, kuma ya kamata a raba su. A 2024 kuma wani mai suna Miles Astray ya yi akasin haka, ya shigar da hoton gaske na wani tsuntsun ruwa mai dogayen ƙafafu cikin rukunin hotunan na'ura a wata gasa, ya yi na uku, da ya faɗi gaskiya aka cire shi. Alƙalan da wannan ne aikinsu ke nan, ina ga ni da kai?

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai ya faru ne a cikin gidanmu. Kakanmu na wajen uba Bagobiri ne, fataucin goro ya kawo shi Badun, kuma hotonsa ɗaya tak ya bari a duniya, wanda wani Bayarabe ya ɗauke shi a wajen Mokola. Katin ya tsufa, ruwa ya taɓa gefensa, fuskar ta dushe. Bara sai ƙanena ya ce, "Yaya, akwai wani mai shago da yake sabunta tsohon hoto da kwamfuta, bari a gyara wa Baba na mahaifinsa." Aka kai, bayan kwana biyu aka kawo shi cikin firam, da kala, fes kamar jiya aka ɗauka. Yara suka yi ta murna. Da aka miƙa wa Kaka sai ta daɗe tana kallo, can ta ajiye ta ce da harshenta na Gobir, "Wanga ba shi na ba. Ina askatai?" Sai a lokacin kowa ya lura. Na'urar ta ɗauki askar Gobirawa da ke kumatunsa a matsayin ƙarzunan tsohon kati, ta goge su ƙaf, ta gyara masa hanci, ta ba shi idon wani. Mai shagon bai yi da mugunta ba, shi ma dannawa kawai ya yi. Baba bai ce komai ba, ya dai sa aka mayar da tsohon katin inda yake a bango.

Ku duba wannan da kyau. Askar nan ita ce take faɗin daga inda muka fito, mu da aka haifa a nan, muke jin Yarabanci kamar Hausa, wasunmu ma ba su taɓa taka ƙasar Gobir ba. Da a ce Kaka ba ta da rai, kuma tsohon katin ya ɓata, da 'ya'yanmu sun tashi suna nuna wani baƙo suna cewa kakansu ne. Gidaje nawa ne a Sabo da Agege da Shagamu aka yi irin wannan gyara aka jefar da na asalin?

A kasuwa ma haka abin yake. Yau Baba ba ya ɗaure huhu sai ya tura wa masu saye a Kano da Sakkwato hoton goron ta WhatsApp. To amma waya tana ƙara wa goro sheƙi, jan ya ƙara ja, farin ya ƙara fari, kuma ba ta nuna wanda sankara ta ci daga ciki. Shi ya sa masu sayen suka daina yarda da hoto kawai, sai a kira su ta bidiyo, a zuba hannu cikin kwando a ɗebo na ƙasa, a ɓare a gabansu. Duk da haka abin da yake sa su turo kuɗi shi ne sun san wanda suke hulɗa da shi shekara da shekaru. Wato mun zagaya mun dawo inda kakanninmu suka tsaya, kan amana.

Inda abin ya fi ban tsoro shi ne lokacin fitina. A watan Yunin 2018, lokacin da aka yi kashe-kashe a yankin Gashish na jihar Filato, an yi ta yaɗa munanan hotuna a Facebook ana cewa daga can suke. Binciken da BBC ta yi ya nuna cewa wasu tsofaffi ne, wani bidiyon ma a ƙasar Kwango Barazabil aka ɗauke shi tun 2012. Rikicin gaskiya ne an yi shi, an kuma rasa rayuka da yawa, amma waɗannan hotuna sun ƙara wa wutar fetur, har aka tare hanya aka kashe matafiya 11 da ba su ji ba ba su gani ba. Wannan fa a lokacin da maƙaryaci sai ya wahala ya nemo tsohon hoto. Yanzu zama zai yi ya rubuta layi biyu, na'ura ta ba shi masallaci ko coci yana ci da wuta a garin da ya ga dama. Mu da muka ga yadda ƙaramar gardama ta cinye kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, mun san cewa idan hankali ya tashi, rumfar baƙo ce take fara ƙonewa, kuma abin da ya faru a nan yana iya jawo ramuwa a kan wasu bayin Allah a Arewa.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafi malamanmu. Da yawa daga cikin waɗanda suka halatta hoton kyamara, irin su Shehu Muhammad Bakhit al-Muti'i, tsohon muftin Masar wanda ya rasu a 1935, hujjarsu ita ce hoto kama inuwa ne kawai, kamar yadda mutum yake ganin kansa a madubi, ba zana sura ba ne. To surar da na'ura ta ƙera ba inuwar kowa ba ce. Wannan tambaya ce da ya kamata mu kai majalisin malamai a yi mana bayani.

Ba ina cewa fasahar ba ta da amfani ba ne. Wani ɗan Legas, Malik Afegbua, ya yi amfani da ita a ƙarshen 2022 ya ƙera surorin tsofaffi maza da mata suna baje kolin kayan ado cikin ƙasaita, abin ya zagaya duniya, kuma bai ɓoye wa kowa cewa na'ura ce ta yi ba. Wannan shi ne daidai. A nawa ganin, abubuwa uku ne muke kira da suna ɗaya: akwai hoton da aka ɗauka, akwai wanda aka ɗauka aka gyara, akwai kuma zanen na'ura. Kowanne yana da wurinsa, matsalar tana zuwa ne idan aka sayar da na ukun da sunan na farkon. Su kansu masu ƙera kyamara sun gane haka, domin a 2023 kamfanin Leica ya fitar da kyamarar da take buga wa kowane hoto hatimin da ke nuna asalinsa da gyaran da aka yi masa. Sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin irinmu, kuma hoton da ya bi ta hannu goma kafin ya iso wayarka da wuya ya zo da wani hatimi.

Saboda haka shawarata ga 'yan uwa ita ce, duk wanda yake da tsohon kati na iyaye ko na kakanni ya adana shi, ko da an yi masa sabo, ya kuma rubuta sunan mai hoton da garinsu da shekarar a bayansa tun masu sani suna raye. Idan kuma aka turo maka hoton tashin hankali, ka tambayi wanda ya turo: wa ya ɗauka, a ina, yaushe? In ya ce shi ma turo masa aka yi, to ya tsaya a wayarka, ka kira wani da ka sani a garin ka ji daga bakinsa. Minti biyu na katin waya ya fi asarar rai da dukiya sauƙi.

Allah Ya tsare mu da zuri'armu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya ba mu ikon gane gaskiya da binta. Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.

Naku, daga Sabon Badun.