Hitar Ɗakin Mai Jego

Yau na ɗan ajiye labaran soyayya da kishi gefe guda, zan ba ku labarin ƙarfe da ruwan zafi, domin na san a cikinku akwai masu 'ya'ya da ƙanne a ƙasashen sanyi, wata rana kuma tafiya za ta iya kama ku kamar yadda ta kama ni.

Mu a Kano maganin hunturu sananne ne: kasko da gawayi, bargo, sai man shafawa saboda kaushi. A Ingila kuwa ɗumin gida a bututu yake yawo. Akwai wata tukunyar gas da suke kira boila, galibi a maƙale a bangon kicin, ita ke dafa ruwa, wani ɗan inji ya tura shi cikin bututu ya zagaye gidan. A kowane ɗaki ruwan zai ratsa ta cikin wani faffaɗan farin ƙarfe da ke jikin bango, ya bar zafinsa a nan, ya koma tukunya a sake dafa shi. Ɗan uwan lagireton mota ne, sai dai Hausawan can hita kawai suke ce masa, ni ma haka zan kira shi.

A watan Disamba na 2022 na je Manchesta yi wa 'yata jego. 'Yar fari ce, don haka ku yi mini uzuri ba zan kama sunanta ba. Na sauka daidai lokacin da aka yi wani matsanancin sanyi a ƙasar, ana kiran magariba tun kafin ƙarfe huɗu, ga kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi a shekarar. Gidan haya ne mai bene, hita bakwai gare shi. Ta bakin ƙofar shigowa ba ta taɓuwa don zafi, ta falo ma haka, amma ɗakin mai jego da ke sama can ƙurya kamar randa. Ma'aunin da ungozoma ta sa aka ajiye kusa da gadon jaririya yana nuna 13, alhali ta ce abin da ake so wa jariri tsakanin 16 ne zuwa 20. Duk uwar da ta san illar sanyi ga ɗanyen jiki ta san ba zan iya barci ba. Cikin dare nakan tashi in taɓa ƙeyar yarinyar, in koma in zauna ina jan carbi.

Surukina, bawan Allah, ba abin da ya sani sai ya ƙara wa boila wuta. Ƙasa ya zama gidan burodi, sama na nan jiya i yau, mita kuwa sai gudu take. Ya kira masu kula da gidan, suka ce sai bayan mako biyu saboda ayyuka sun yi musu yawa. Ga ni da kunyar suruki, ba na son in zama baƙuwa mai ƙorafi, amma rana ta uku na ce masa, "Baban Amira, ruwa ba ya tsami banza. A nemo wanda ya san abin nan ya duba mana." Ya ce, "To Umma, in sha Allahu." Bayan la'asar sai ga shi da wani dattijo ɗan Pakistan da suke salla masallaci ɗaya, wanda ya yi shekaru yana gyaran famfo kafin ya ajiye aiki.

Abin da ya fara burge ni da dattijon nan, bai buɗe jakarsa ba sai da ya bi hitocin gidan ɗaya bayan ɗaya yana shafa su da tafin hannu, sama da ƙasa da tsakiya, kamar unguwarzoma na laluben ciki. Ya ce inda sanyin ya tsaya shi ke gaya maka ciwon. Na sa 'yata ta riƙa fassara mini abin da ya fi ƙarfin Turancina, ina rubutawa a bayan littafin da nake tsara sabon labari.

Idan ƙasan hita da ɗumi amma samanta da sanyi, iska ce ta taru a ciki. Iska ta fi ruwa rashin nauyi, sai ta haye sama ta tare wurin, ruwan zafi ya kasa cika ƙarfen. Haka ta ɗakinmu take. Ya sa aka kashe boila aka jira ƙarfen ya huce, sannan ya ɗauko wani ɗan makulli da bai kai ɗan yatsa ba, ya sa a wani ƙaramin bawul da ke kusurwar sama, ya tara tsumma, ya murɗa hagu kaɗan. Sai muka ji "tsssss" kamar an sace tayar keke. Da ruwa ya fara ɗigowa ya mayar ya ɗaure. Daga nan ya sauka kicin ya nuna wa surukina wani agogo mai allura a jikin boila, ya ce bayan an fitar da iska ƙarfin ruwan kan ragu, a tabbata allurar tana tsakanin 1 da 1.5 idan tukunyar ta huce, in ta yi ƙasa a ƙara ruwa.

Idan kuwa sama ne da zafi, ƙasa da tsakiya da sanyi, to laka ce. Cikin ƙarfen yana yin tsatsa a hankali, ta zama wani baƙin taɓo ta kwanta a ƙasa ta toshe hanya. Ya sami wannan a hitar banɗaki, ya ce sai an cire an wanke, a zuba maganin hana tsatsa a ruwan, kuma aikin mai gida ne, domin dokar ƙasar ta ɗora wa mai bayar da haya gyaran abin ɗumama gida. In kuma hita ta yi sanyi gaba ɗaya, a duba makunnin nan mai lambobi da ke gefenta. A ƙarƙashin hularsa akwai wani ɗan tsinken ƙarfe da kan maƙale idan an daɗe ba a murɗa ba, musamman bayan bazara. Abu ɗaya ya ja kunne a kai: kada kowa ya buɗe cikin boila, wannan sai ma'aikacin da ke da rajistar aikin gas.

Aka kunna, saman hitarmu ya ɗauki ɗumi, muka yi hamdala. Amma dattijon bai gamsu ba. Ya ce ɗumin bai kai na ƙasa ba, saura rabo. Ruwa, in ji shi, hanya mai sauƙi yake bi. Hitocin da ke kusa da tukunya bakinsu a wangale yake, sai ruwan zafin ya ratsa su ya koma abinsa, wadda ke nesa ta sami ragowa. Ko za a kwana ana ƙara wuta, na kusa ne za su ƙara ƙoshi. A ɗaya gefen kowace hita akwai bawul na biyu mai farar hula marar lamba, wanda yawancin mutane ba su san amfaninsa ba. Ya buɗe su duka, ya sake kunnawa daga sanyi, ya sa mu lura da wadda ta riga ɗumi da wadda ta biyo baya. Ta bakin ƙofa ce ta farko, ya rufe bawul ɗinta ruf sannan ya buɗe kwata kawai. Ta falo ya buɗe fiye da haka kaɗan, haka haka har zuwa ta ɗakin mai jego, wadda ya bari a buɗe gaba ɗaya.

Ina tsaye ina kallo, wallahi sai gidajen da na shekara ashirin ina rubutu a kansu suka faɗo mini a rai. Sau nawa na rubuta maigidan da ake kawo wa kukan rashi, ya ƙaro buhun shinkafa, amma ta ɗakin ƙurya da 'ya'yanta ba su gani a kwano ba, saboda ta kusa da turaka ta tare hanya? Abin da ya shigo gidan ya isa kowa, mai rabawa ne bai taɓa zagawa ya shafa kowane ɗaki ya ji ba. Kuma abin lura, hitar bakin ƙofa da aka rage wa ruwa ba ta yi sanyi ba, ɗuminta na nan daidai buƙata.

Kafin sallar isha ma'aunin ya hau 18, surukina ya rage wutar boila ƙasa da inda take a da. Dattijon ya ƙi karɓar ko kwabo, sai kunun kanwa da na dama wa mai jego ya sha kofi ɗaya ya ce a ƙara masa. Ɗan makullin ma ya bar mana.

Don haka 'yar uwa, idan jego ko karatu ko aure ya kai ki irin waɗannan ƙasashe, kika ji ɗaki ya ƙi ɗumi, kafin a ƙara wuta ko a kira mai gyara, sa hannu ki shafa ƙarfen sama da ƙasa, ki kuma zaga sauran ɗakunan ki ji yadda suke. A nisanta gadon jariri daga jikin hita, kada kuma a lulluɓe ta da shanya, domin tufafin ne za su shanye ɗumin. Allah ya raya mana zuri'a, ya saka wa dattijon nan da alheri. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.