Bashin Da Baba Tela Ya Biya Mini

Jama'a, wannan watan ku yi haƙuri da ni. Na saba ɗaukar biro in feɗe aikin wasu har wutsiya, in ce wane ya yi ƙoƙari, wane ya kwafsa. To yau wuƙar a kaina za ta sauka. Labarin ƙungiyar unguwarmu zan ba ku, da wani tela, da wasu naira ɗari biyar-biyar da suka sa na yi kusan wata guda ba na iya haɗa ido da shi.

Unguwarmu a wajen ganuwar Kano take, irin unguwannin nan na awon igiya da kowa ya gina gidansa yadda ya ga dama, aka bar wa ruwa ɗan abin da ya rage. Kwata guda ɗaya ce ta ratsa layinmu, ta gangara ta shige wani kwalbati a ƙarshen layi, gidanmu kuwa dab da kwalbatin yake. Tun ina yaro dattawan layin suka kafa ƙungiya. Kowane gida yana ba da naira 500 a wata. Da kuɗin ake gyaran burtsatse idan ta lalace, a sai wa masu sintirin dare batirin tocila, a ɗauko tifa ta kwashe sharar da aka yaso daga kwata, idan an yi rasuwa kuma a fito da tabarmi da rumfa da kayan haƙar kabari. Shugabanmu tsohon malamin firamare ne. Ma'aji kuwa wani dattijo ne da ke ɗinki a wani soro a bakin layi, kowa Baba Tela yake ce masa.

Ni a lokacin ba ruwana da su. Asabar ɗin ƙarshen wata idan aka fito tsaftar muhalli, ina jin ƙarar shebur da baro ta taga sai in ƙara jan bargo. Hujjata a shirye take: wannan aikin gwamnati ne, don me talaka zai biya haraji kuma ya shiga kwata? Ina faɗin haka da ƙarfi a teburin mai shayi, alhali ban tuna ranar da na taɓa biyan wani haraji ba. Na yi difloma, ina rubutu a mujalla, sai nake ganin hannuna ya fi ƙarfin manjagara.

Akwai wata ɗabi'a ta Baba Tela da ta daɗe tana damun mutane. Idan an yi taro sai ya faɗi jimillar abin da ya shigo da abin da ya fita, amma ko za a mutu ba zai karanta sunan gidan da ya biya da wanda bai biya ba, kuma ba ya barin kowa ya riƙe littafin. Wani dare a majalisa ana wannan hirar sai na ce, "Ku dai ku yi ta zubawa. Ba ku ga sabon keken da ya ajiye a soro ba?" Aka fashe da dariya, har ana ba ni hannu. Ni a raha na faɗa, ban ma ƙara tunawa da ita ba. Ashe maganar ta yi ƙafa. Kafin wata biyu ta shiga cikin gidaje, mata na maimaita ta a wajen ɗiban ruwa, wasu magidanta suka janye hannunsu daga biya.

Ga kuma abin da ba wanda ya sani. Duk farkon wata Hajiyarmu tana ƙirgo ɗari biyar ta ce, "Ungo, ka miƙa wa Baba Tela." Ni kuma in karɓa in sa data a waya, in ce wata mai zuwa zan haɗa in biya. Haka na yi wata tara. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wani.

Duk wanda ya taɓa yasar kwata ya san fito da dagwalon rabin aiki ne. Idan aka tara shi a bakin hanya ba a kwashe ba, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. A shekarar 2022, kafin damuna, samari sun fito sun yashe kamar kullum, amma kuɗin da ke asusu bai kai na tifa ba. Tsibin shara ya zauna a gefen layi yana jiran hadari.

A watan Agusta ya zo. Wajen ƙarfe ɗaya na dare aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga shi an ɗauke wuta. Salatin Hajiya ne ya tashe ni. Ina sauko da ƙafa na ji ni tsundum cikin ruwa har idon sawu. Ledoji da robobi sun toshe kwalbatin, duk ruwan layin ya rasa hanya ya juyo cikin gidanmu. Katifar Hajiya, buhun shinkafarta, kwalin littattafan da na shekara goma ina tarawa, duk suna iyo a cikin baƙin ruwa mai wari. Ina ta kwarfa da bokiti kamar mahaukaci, ina zubarwa yana dawowa.

Sai na ji ana dukan ƙofa. Baba Tela ne, wando a naɗe har gwiwa, tocila a hannu, bayansa samari bakwai ko takwas, waɗanda nake kira marasa aikin yi. Bai ko dube ni ba. Ya ce da biyu su ɗauke Hajiya da ƙannena zuwa gidansa da ke kan tudu, sauran suka nufi kwalbati da doguwar gora da rodi. Shi da kansa, da furfurarsa, ya shiga ruwa har ƙugu yana zaro leda da hannu. Sai wajen asuba kwalbatin ya buɗe, muka ji ruwan ya wuce da wani irin gurnani. A nan ne fasasshiyar kwalba ta yanke shi a tafin ƙafa, sai da aka yi masa ɗinki. Katangar ƙasa ta gidan wata bazawara mai marayu huɗu ta faɗi, amma Allah ya kiyaye rai. A waccan shekarar ambaliya ta kashe mutane sama da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Namu bai kai a saka a labarai ba, amma mu mun san abin da muka gani.

Bayan sati guda mai unguwa ya kira taro a ƙofar gidansa. Baba Tela ya zo yana ɗingishi, ya ajiye littafin a kan tabarma ya ce ya ji abin da ake faɗa, a naɗa sakatare ya bincika. Wani ya ce, "Ai ga ɗan jarida nan, shi ya iya bin diddigi." Ban samu bakin ƙi ba.

Da daddare na same shi a soro muka buɗe littafin. Irin dogon littafin nan ne mai baƙin bango, an ja layi da rula, kowane gida da shafinsa, kowane rasit an maƙale shi da allura. Ko kwabo bai ɓata ba. Sai dai na lura a wasu gidaje, kusa da inda aka rubuta an biya, akwai ɗan ɗigo da jan biro. Na ce, "Baba, wannan jan fa?"

Ya yi shiru yana warware zare, sannan ya ce, "Ɗana, waɗannan ba su kawo ba ne, na cike musu daga kuɗin ɗinki. Ka ga wannan marayu ne. Wannan an sallame shi daga aiki. Idan na karanta suna a bainar jama'a, gobe da wace fuska zai fito masallaci?"

Na ci gaba da buɗawa, hannuna na rawa, don na san inda za ni. Shafin gidanmu: jan ɗigo tara, a jere.

Ya ce, "Naku kuwa na san Hajiya ba za ta ƙi bayarwa ba. Na ce wataƙila wata matsala ce ta same ka, kuma ban so ta ji a bakin duniya." Keken da na yi masa gori a kai ma ashe adashe ya ɗauka ya saya.

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar nake tunanin abin da ake kira gayya. A ƙauyen kakanninmu na taɓa ganin ta ina yaro. Mai gona zai gayyaci samarin gari, a fito da fartanya a jeru, mai kalangu na kiɗa, maroƙi na zuga, mata na kawo fura da tuwo. Kafin azahar an gama noman da mutum ɗaya zai yi sati yana yi. Ba a biyan kowa, amma kuma ba kyauta ba ce, bashi ne. Wanda ya ƙi zuwa gonar wani, ranar tasa shi kaɗai zai duƙa. Kowa yana ganin kowa, don haka ba a bukatar littafi. Ganuwar Kano ma da muke tinƙaho da ita, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginawa a zamanin mulkinsa, 1095 zuwa 1134, ai hannun jama'a ne ya ɗora ta, kwando bayan kwando.

A birni lissafin ya sauya. Maƙwabcinka ɗan haya ne, bara ya zo, baɗi zai tashi. Wani yana kasuwa, wani yana ofis, sai kuɗi ya maye gurbin fartanya. Shi kuwa kuɗi sai da littafi, littafi kuma sai da amana. Bashin gayyar yana nan, ganinsa ne ba a yi sai daren da ruwa ya shigo ɗaki. Gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, ta shigo da tsaftar muhalli cikinsa a 1985, iyayenmu suna ba mu labarin yadda tsoron soja ke fito da kowa da tsintsiya. Amma bulala tana iya fito da mutum ƙofar gida da safe, ba ta iya sa shi ya shiga ruwa da tsakar dare saboda uwar wani.

Duk da haka ba zan ce tsarin Baba Tela ba shi da aibu ba, na kuma faɗa masa. Littafin da mutum ɗaya kawai ke gani, ko waliyyi ne ke riƙe da shi, sai an zarge shi. Kuma aljihun tela ba zai ɗauki unguwa har abada ba. Shi yana kare rufin asirin mutane, masu ƙorafi kuma suna da haƙƙin sanin inda kuɗinsu ke tafiya. Kowa da gaskiyarsa. Mun yi zama uku ana ja-in-ja kafin a samu matsaya. Yanzu mutum uku ne kawai suka san sunaye: shugaba, ma'aji da sakatare. Duk wata uku ana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a manna a bangon soro, rasit yana nan ga mai son gani. Gidan da ba shi da hali ana ɗauke masa a asirce, idan akwai saurayi a gidan ya biya da ƙarfinsa ranar aiki. Sannan muka roƙi wata dattijuwa ta riƙa karɓar na cikin gidaje, tunda ita tana shiga inda namiji ba ya shiga. Abin mamaki, tun da ta fara, kuɗin bai ƙara bi ta hannun irina ya ɓace ba. Kuɗin tifa kuwa shi ake fara warewa kafin a taɓa shebur.

Kada in yi muku daɗin baki, ba aljanna muka zama ba. Har gobe mutum goma sha biyar ɗin nan ne dai ke fitowa, sauran suna leƙe ta taga kamar yadda nake yi da. Ƙungiya ba za ta iya gina babbar magudanar ruwa ba, wannan nauyin hukuma ne, kuma mun rubuta takarda ba sau ɗaya ba. Gab da zaɓen 2023 wasu 'yan takara sun aiko da baro da shebur ɗauke da hotunansu, suna son a mayar da mu 'yan kamfen. Saura ƙiris ƙungiyar ta dare biyu. Shugaba ya ce a karɓi kayan aiki a yi godiya, amma ƙuri'a kowa da tasa, kwata ba ta da jam'iyya. A fim da yanzu wani Alhaji ya faka jif ya rubuta cek an wuce wurin. A layinmu har yau bai iso ba.

Saura labarin Hajiya. Na daɗe ina juya yadda zan gaya mata, ranar da na faɗa kuwa ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Je ka biya shi kuɗinsa. Sannan inda ka faɗi waccan maganar, ka koma can ka faɗi wannan." Biyan naira 4,500 bai yi mini wuya ba, shi ma bai sa a aljihu ba, asusu ya zuba. Mai wuyar ita ce tsayawa a teburin mai shayi, gaban waɗanda suka ba ni hannu ranar, in ce ƙarya na yi wa dattijo, kuma ni ne mai cin kuɗin. Ba wanda ya yi dariya. Mai shayin ne kawai ya ce, "To Allah ya yafe mana baki ɗaya," ya ci gaba da fifita wutarsa.

Mai karatu, ban san yadda taku unguwar take ba. Amma na tabbata akwai wani a cikinta da ke riƙe da irin wannan littafin, ko yake kwana a waje da tocila don kai ka yi barci, kuma wataƙila ka taɓa cewa ai da abin da yake samu. Kafin ka sake faɗa, je ka zauna a taronsu sau ɗaya, ka nemi ganin rasit, ka ɗauki shebur ko na awa guda ne. Idan ɓarawo ne za ka gane, ka kuma yi maganar da hujja. Idan irin Baba Tela ne, gara ka sani tun ruwa bai shigo ba.

Ni dai yanzu Asabar ɗin ƙarshen wata ba sai an tashe ni ba. Tafin hannuna ya yi kanta, Baba Tela kuma har yau idan sanyi ya shigo yana ɗan ɗingisa ƙafar nan. Bai taɓa tayar mini da zancen ba ko sau ɗaya. Iyakarsa idan ya hango ni ya ce, "Ɗan jarida, a turo baro." Ni kuma in turo.

Allah ya saka wa irinsu da alheri, ya kuma rufa mana asiri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.