Ramin jet da kuɗin balas

1/ Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, babu aikin da ya yawaita a hannun kanikawan mashin na wajen Ƙofar Dundaye kamar matse jet. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Na yi shekara huɗu ina yaron gareji a nan, har yau can nake zaman yamma. Zare ne, ku biyo ni.

2/ Jet wani ɗan kusa ne na tagulla a cikin kafireta, da rami a tsakiyarsa. Ta ramin nan fetur ke hawa ya gauraya da iska kafin ya shiga inji. Lissafin masu ƙera inji shi ne iska kashi 14.7, fetur kashi 1, a ma'aunin nauyi. Mai ya yi yawa, asara da baƙin hayaƙi. Ya yi kaɗan, zafi.

3/ In ka duba jikinsa za ka ga lamba. A kafireta irin ta Keihin da masu kwaikwayonta, 75 na nufin faɗin ramin kusan milimita 0.75 ne. Ko milimita ɗaya bai cika ba. Wannan ne fa mutum ke gyarawa da hannu, a gindin dogonyaro, iska na kwaso masa ƙura.

4/ Ɗan kabu-kabu zai faka ya ce, "Oga, wanga mashin shina shan mai kamar rairayi. Ga balas, ga cefane. Matse min shi." Ban taɓa ganin laifinsa ba. Mai mashin bai rage balas don mai ya tashi ba, fasinja kuma rigima yake in ka ƙara masa hamsin.

5/ Masu gaggawa silin wayar lantarki ɗaya suke zarowa su zura a ramin su lanƙwashe bakin. Wasu su ɗora ɗan ƙarfe a bakin jet su ƙwanƙwasa da guduma har ramin ya tsuke. Na guduma shi ne mafi muni a wurina, don ramin ba zai sake zama da'ira ba, kuma babu mai iya ce maka nawa aka rage.

6/ Maigidanmu ba haka yake yi ba. Yana da 'yan wayoyin ƙarfe kauri daban-daban a cikin kwalin ashana. Sai ya zaɓi ɗaya, ya kanga ta a harshen aci-balbal har ta yi baƙi, ya zura a jet, ya narka dalma ta kewaye ta. Saboda hayaƙin nan dalma ba ta kama wayar. In ta huce ya zare a hankali, sabon rami ya fito daidai kaurin waya. Ya ɗaga ya leƙa rana ta ciki, ya hura da baki. Ba ya magana sai ya gama. In ka yi tari kusa da shi a lokacin, ranar kai za ka wanke duk kayan aiki.

7/ To ga inda lissafi ke cin mutane. Daga 0.75 zuwa 0.70 ido ba ya ganin bambanci. Amma filin ramin da mai ke bi ya ragu da kusan kashi 13 cikin 100, don faɗi sau faɗi ake lissafa shi. Haka wanda ya sa allura ya "share" jet ya kai shi 0.80, ya ƙara kusan kashi 14. Da yawan mashinan da ake kuka da su, wani ne ya taɓa share musu jet da allura.

8/ Abin da ya fi damuna kuma: babban jet sai an murɗa totur kusan ƙarshe yake mulki. Silo da tafiyar hankali ƙaramin jet ne. Tsaka-tsaki allurar totur ce. Wanda ke yawo tsakanin kasuwa da lungunan cikin gari, birki nan, tsayawa can, ribar da zai samu daga matse babban jet kaɗan ce ƙwarai.

9/ Ranar da ya ɗauko ɗalibai biyu da jakunkuna ya miƙi hanyar jami'a, ranar zai ji a jikinsa. Injin Boxer ba ruwa ke sanyaya shi ba, iska ce, kuma fetur ɗin kansa yana rage zafin kan fistin. Ka rage shi a watan Afrilu, Sakkwato ta haura digiri 40, me kake jira?

10/ Wani yaron unguwarmu haka ta faru da shi. An zura masa waya, sati uku yana murna. Sai inji ya buga masa bayan gada, ya turo mashin da ƙafa. Fistin, ringi, borin, ga kwanakin da bai fita ba balas na taruwa. Mai mashin ya karɓe makulli. Yanzu dako yake yi.

11/ Shi ya sa Maigida kafin ya taɓa komai sai ya tambaya: "Ina kaka aiki, cikin gari ko hanyaj jami'a?" Sannan ya kwance fulogi. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Fari fat kamar alli, ko nawa za ka biya ba zai matse ba.

12/ Sau da yawa ma ba jet ba ne. Soson iya kilina ne ƙura ta toshe, ko allurar da ke tsayar da mai a kofin kafireta ta cinye yana ɗiga ƙasa, ko taya babu iska. Ko man 'yan bumburutu.

13/ Ga yanayi. Iskar asubar hunturu ta fi ta tsakar ranar bazara nauyi da kusan kashi 10 cikin 100. Jet da aka matse a Afrilu ya zauna daidai, a Janairu mai zai yi masa kaɗan, mashin ya riƙa tari yana ƙin tashi sai da cok.

14/ Duk wanda ya nace sai an matse masa, Maigida ba ya ɓata na kamfani. Tsohon jet yake nema ya yi aikin a kai, na asalin ya ɗaura masa zare da 'yar takarda mai lambar mashin, ya jefa a gwangwanin madara. Jiya na ɗaga gwangwanin, ya kusa cika. Ya ce in bari, sanyi na shigowa masu su za su fara zuwa.