Alkakin Inna

Tun muna yara a gidanmu na Kontagora, ƙamshin alkaki kan riga ganin wata sanar da mu cewa ƙaramar Salla ta ƙarato. Alkama ba shukar yankinmu ba ce, mu masara da dawa da gyaɗa muka sani, don haka tun tsakiyar azumi Inna kan yi saƙon tiya biyu daga Kano. Ranar idi kuwa, kafin mu fita kallon hawan Sarkin Sudan, sai ta zaunar da mu gaban akushin alkaki da kunun gyaɗa mai tururi.

Allah ya yi mata rasuwa a 2021, shekarar da Sarki Sa'idu Namaska ya rasu. Da azumin 2022 ya zo muka farga cewa duk gidan babu wanda ya san awon da take yi. Mun shekara ashirin muna bin tsofaffi da rikoda muna naɗar tatsuniya da waƙar niƙa, amma ko sau ɗaya ba mu zauna bakin murhu mun tambayi mahaifiyarmu yadda take kwaɓi ba. Ganinmu a lokacin, wannan sha'anin mata ne, ba ya cikin abin da ake kira nazari.

Uwargida da ƙannenmu suka ɗaura ɗamara, mu kuma aka ba mu kai niƙa da sayen itace. Aka barza alkama, aka murje ta da man gyaɗa, aka zuba nono, aka rufe ta kwana. Da safe aka sa ruwan kanwa, aka murza, aka naɗe. Ana sakawa cikin mai sai ya watse kamar tsakin kaji. Kunun ma bai tsira ba, domin an yi gaggawar zuba tsamiya madarar gyaɗar na tsakiyar tafasa, ya tsinke. Ƙanwarmu ta juya mana baya tana share hawaye, ta ce hayaƙi ne.

A daren nan, muna ta juyi a shimfiɗa, muka tuno abin da muka taɓa karantawa game da mutanen Meziko. Su kan gasa wani burodi na musamman farkon watan Nuwamba don tunawa da mamatansu, su ci da cakulan mai zafi, wanda suke burgawa da wani ɗan itace tsakanin tafukan hannu har ya yi kumfa. Wato dai maburginmu ne sak. Aƙidarsu daban, tamu daban, mu addu'a da sadaka muka gada. Sai dai mun fahimci abin da ke sa mutum ya shiga madafa yana neman wanda ya riga ya binne.

Gari na wayewa muka ɗauko Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda idonta ya fara rauni. Ta damƙi ragowar kwaɓin a tafinta, ta shinshina.

"Malam, wa ya zuba man nan?"

"Matan gida ne, Gwaggo."

"To sun shayar da ita har ta ƙoshi. Alkama in ta sha mai da yawa ba ta riƙe 'yar'uwarta."

Muka zaro biro muka tambaye ta ludayi nawa ake sawa. Ta yi dariya, ta ce ita ba ta taɓa ƙirgawa ba. Ta kira babbar 'yarmu, ta cusa hannunta cikin sabon barzo, tana ɗiga mai tana cewa ta dunƙula, har ya tsaya a dunƙule bai yi naso ba. "Kin ji shi? Nan za ki tsaya."

Washegari alkakin ya fito ja, ya sha ruwan sukari da lemon tsami. Muka raba rabi sadaka ga almajiran unguwa da nufin Allah ya kai ladan kabarin Inna. Gwaggo ta gutsuri ɗaya, ta tauna a hankali, ta ce kanwa ta ɗan yi yawa, sa'an nan ta miƙo hannu a ƙara mata.