Rijiyar Gidanmu

Bayan gidanmu, a cikin birnin Kano, da akwai wani tsohon kududdufi. Kakata ta ce nan mutanen da suka haƙi ƙasar gina gidaje. Da damina ruwan sama ya taru ciki, ƙasa ta yi ta sha. Shi ya sa rijiyarmu ba ta ƙafewa ko da bazara.

Bara waccan aka cike shi da shara, aka yi gini a kai. Yanzu da damina ruwa a ɗakunanmu yake kwana, da rani kuwa laka guga ke ɗebowa. Kullum sai na nemo ɗan garuwa kafin in tafi makaranta.

'Yan'uwana ɗalibai, in da sauran kududdufi a unguwarku, ku hana a zuba masa shara.